Dokar Hedigel da Gwaten Acca

Ni dai tun ina yarinya ba a taɓa yi mini shaidar shiru ba. A makaranta in malami ya juya yana rubutu a allo ya ji surutu a bayansa, ba ya ma waiwayowa, sunana kawai yake kira, kuma yawanci yana da gaskiya. To a ɗauki mace irin wannan, a ba ta sana'a bayan ta aurar da 'ya'ya, sannan a damƙa mata babbar waya. Ai an gama da jama'a.

Sana'ar tawa acca ce. A nan Jos ba wanda bai san acca ba, kuma ba wanda bai san abin da ke raba mutum da ita ba, wato yashi. Ita da yashin kamar uwa ɗaya ta haife su. In ba ki iya regewa ba sai ki dafa tukunya guda, a kai loma ta farko a ji ƙaras a haƙori, a ture kwano. Matan ofis suna sonta, masu ciwon suga suna nemanta ido rufe, amma wa ke da lokacin tsugunawa gaban ƙwarya yana rege-rege har bayansa ya ƙage? Ni ina da shi. Sai in wanke, in rege, in sake regewa, in shanya a kan farin zane, in ƙulla a leda.

Accar kuma wata ƙawata ce ke kawo mini. Benci ɗaya muka zauna a sakandare. Kirista ce, a unguwar Jos Jarawa take aure, danginta ke noman accar a ƙauyensu. Hausarta irin ta garin nan ce, mace ma "kai" take ce mata, mun saba har ba ma ji. A kasuwar Taminus da ke tsakiyar gari muke haɗuwa, ta sauke mini buhu daga keke, in ɗora a wani keken in yi unguwarmu Anguwan Rogo da shi. Ba wanda ya ce mana haka za mu riƙa yi. Tun da gari ya rikice shekarun baya kowa ya tattara ya koma cikin nasa, sai ƙafa ta koyi inda take tsayawa. Yanzu ana zaune lafiya, alhamdu lillahi, amma har yau a Taminus ɗin muke haɗuwa.

Ranar da na gane ana iya talla a waya, ranar na zama annoba. Kullum da safe sai in zuba acca a farin faranti, in kai ta bakin taga inda haske ke faɗowa, in ɗauki hoto, in rubuta: "Wankakkiyar acca, ba yashi ba tsakuwa, daga leda sai tukunya." Duk guruf ɗin da tsautsayi ya sa aka taɓa jefa lambata a ciki sai ya samu rabonsa. Guruf ɗin unguwa, wanda aka buɗe don maganar taransifoma da kwata, su suka fara korata. Ana tsakiyar rigimar wanda ya yanke wayar wuta, sai ga farantina ya faɗo tsakiyar maza. Na iyayen yara na makarantar jikata suka biyo baya. A na matan Islamiyya kuwa malama ce ta kira ni ta yi mini nasiha mai ratsa jiki, na ce in sha Allahu na daina, gari na wayewa na manta. Maigida in ya ga na tsuke baki ina kallon waya sai ya ce, "Yau kuma su wa suka huta?" Ni ko a jikina. Kasuwa ce, in wannan ta watse wata na ci.

Guruf ɗaya ne ba kasuwa ba a wurina, na 'yan ajinmu.

Makarantar 'yan mata muka yi, ta gwamnati, irin wadda ake zuba kowa da kowa: mu 'yan Anguwan Rogo, 'ya'yan ƙabilun Filato, da 'ya'yan Ibo masu shaguna. Kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha. Bayan gari ya raba mu, akwai waɗanda na yi shekaru ban san ko suna raye ba sai da wannan guruf ya tattaro mu. A nan nake jin wadda ta yi jika, da wadda mijinta ya kwanta asibiti, da wadda har yanzu ba ta daina rage shekarunta ba. Da Sallah su cika mu da barka, da Kirsimeti mu rama. In na gama aikin safe na zauna da kofin shayi cikin sanyin nan namu, na buɗe shi, sai in ji Jos ɗin da na tashi a cikinta tana nan ba ta je ko'ina ba. Ba na jin kunyar faɗa, ina son wurin nan har cikin raina.

Mai riƙe da ƙofar, wato admin, ita ce shugabar ɗalibai ta zamaninmu. Har yau Hedigel muke ce mata, ita ma ba ta taɓa cewa a daina ba. Nas ce, ta yi ritaya, tana zaune a Gada Biyu. Matar da ke duba mana farce da safa a layin safe, tsufa bai rage mata komai ba. Dokarta a fili take: ba siyasa, ba wa'azi kowane iri ne, ba talla. Kuma tana da hujja. An taɓa yin wani guruf kafin wannan, lokacin zaɓe ya zo aka yi ta turo bidiyoyi, aka faɗa wa juna maganganun da ba sa goguwa, ya mutu murus. Ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana lallashi har ta sake gina wannan.

Na san dokar sarai. Amma wata safiya hannuna ya riga hankalina, hoton farantin ya faɗa guruf ɗin. Kafin in kurɓi shayi Hedigel ta goge shi. Bayan kwana biyu na ce bari in bi ta hanyar wayo. Na rubuta, "Ina kwananku 'yan uwa, ya sanyi, ya jikoki?" Na bari aka amsa, sannan na ce, "Af, na manta, akwai fa acca." Na ɗora hoton.

Wannan karon ba gogewa kaɗai ta yi ba. A gaban kowa ta rubuta: "Hajiya, wannan ne na ƙarshe. In na sake ganin farantin nan zan cire ki, kuma kin san ba na wasa."

Innalillahi! Ni da jikokina, a tsawata mini a bainar jama'a kamar an kama ni da dogon farce? Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na danna wurin saƙon murya na fara zuba mata abin da ke cikina, na yi nisa, sai wata zuciyar ta ce mini in kika tura wannan kin kori kanki da kanki. Na fasa, na kira ƙawata ta Jos Jarawa na juye mata. Dariya ta yi ta yi har da tari.

"Hajiya, kai da Hedigel tun muna aji ɗaya haka kuke," in ji ta. "Ka yi haƙuri ka bi doka. In an cire ka, wa zai riƙa ba mu dariya?"

Na bi doka, amma abin yana cina. Ga mata nan fal masu kuɗin saye, ga acca jibge a ɗaki, an ce kada in buɗe baki. Ina cikin regewa wata rana sai Innarmu ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Masa take yi, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ɗaga murya ta ce a zo a saya ba. In ta samu sabuwar shinkafa, tandar farko ba ta sayarwa ce ba. A kwanoni za ta zuba, a bi gidajen layi a ce ga ɗanɗano in ji Inna. Takan ce bakin mai kaya ba ya sayar da kaya, bakin wanda ya ci ke sayarwa. Na ajiye ƙwaryar na ce, yauwa Inna, kin gama magana.

Gwate na yanke shawarar yi, don a gwate ake gane acca. In akwai yashi ko ƙwaya ɗaya, can zai kwanta a gindin kwano ya jira loma ta ƙarshe ya ba ki kunya. Na sayo ƙashin saniya mai ɓargo na dafa shi har ya saki jiki, na zuba gauta da albasa da attarugu, na kawo dakakkiyar gyaɗa. Sannan na riƙa barbaɗa accar a hankali ina juyawa don kada ta yi gudaji. Yakuwa da alayyafo su ne na ƙarshe, wuta ƙasa-ƙasa. Maigida ya leƙo kicin ya ce wane ne ya haihu, na ce kasuwa ce za ta haihu.

Akwai wani dattijo mai keke a layinmu da ba ya tsoron kowace unguwa, shi na ɗora wa aikin. Kowane ƙarshen mako in cika ƙananan kuloli, in yi masa kwatancen gidaje, ya kai. Ban sa farashi ba, ban sa lamba ba. Saƙon kawai shi ne, Hajiya ta ce a taɓa.

Wayyo, abin da ya biyo baya! Ban taɓa sanin 'yan ajinmu mayunwata ne haka ba. Wadda ta fara ita ce wata 'yar Ibo mai shagon kayan gini. Saƙon murya ta turo, baki cike, ana jin ƙarar cokali, tana cewa ita fa yau ta lura ashe mijinta kyakkyawa ne. Guruf ya kaure da dariya, kowa na rubuta, "Santi! Santi! A riƙe ta kada ta faɗi!" Mako na gaba wata matar fasto ta ce ita daga yau ta yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata rai, har da surukarta. Wata lauya da ba ta cika magana ba ta ce tana tunanin sayar da gidanta ta dawo kusa da ni. Kuma kowace sai ta ƙara da cewa wallahi ko ƙwayar yashi babu. Waɗanda kula ba ta kai gare su ba suka fara ƙorafi, "Hajiya, mu fa? Mu ba 'yan aji ba ne?" Ni kuwa na zama salihar baiwa. Abin da nake rubutawa bai wuce "Allah ya bar zumunci" ba. Masu son saye sai su biyo ni ta lambata a gefe, buhu ya riƙa ƙarewa kafin ƙawata ta shirya kawo wani. An hana talla, amma ba a hana santi ba, kuma na duba dokar da kyau.

A hankali kula ta zaga duk 'yan ajinmu da ke cikin garin Jos, ban da gida ɗaya.

A layinmu aka haifi Hedigel, layin da ni ma a nan na tashi, a nan kuma na yi aure. Babanta ma'aikacin asibiti ne, gidan da suke haya yana kallon namu, Hausarta ma ta fi tawa tsabta. Tare muke tafiya makaranta tana yi mini faɗan latti. Lokacin da gari ya rikice ne iyayenta suka kwashe, daga nan ba ta sake taka layin ba. Duk da haka, da na zo kan sunanta sai na tsaya. Na ce matar nan in na aika mata cewa za ta yi cin hanci na ba ta, ta samu abin faɗa a kaina. Kuma tsakani da Allah tsawar da ta yi mini ba ta gama sauka daga wuyana ba. Na ce a bar ta, mai doka ta ci doka.

Duk makonnin nan da ake santi, ba ta tofa komai ba. Ko 'yar fuskar dariyar nan ba ta saka ba. Na ɗauka na yi mata dabarar da ta rasa amsarta ne, har ina jin daɗi.

Wadda ta ɓallo ruwan wata 'yar ajinmu ce mai sayar da leshi, ita ma an taɓa goge mata hoto. Wata safiya ta rubuta: "Hedigel, mu da muke bin doka wawaye ne? Ni leshina ba a cinsa balle a yi santi. Wannan talla ce aka yafa mata mayafi." Ni kaina sai da na murmusa, don maganar ta yi daɗi. Amma sai guruf ya rabu biyu. Masu cewa kyauta ce ba talla ba, da masu cewa wayo ne. Tun ana yi da wasa har aka fara yi da gaske. Can wata ta rubuta, "Ai ku dama haka kuke." Wata ta amsa, "Mu su wa?" Duk wanda ya zauna a garin nan ya san inda "ku" da "mu" suke kai mutane.

Hedigel ta rufe guruf ɗin, ba mai iya rubutu sai ita. Na tashi na je tsakar gida in juya shanya. Da na dawo na ɗauki wayar, sai na ga ɗan rubutu a ƙasa, an cire ni.

Na zauna a bakin gado riƙe da waya. An kore ni wurare da yawa ban taɓa jin komai ba, amma wannan ya shige ni. Ba cinikin nake tunani ba, masu saye suna da lambata. Gobe da safe nake tunani, in haɗa shayi in buɗe waya in tarar ba kowa. Maigida ya shigo ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya kalli fuskata, ya mai da bakinsa ya rufe. Daga baƙin ciki sai abin ya juye ya zama fushi. Na kira ƙawata na ce mata gobe zan je har Gada Biyu, matar nan ta nuna mini inda na karya doka.

"Ka je," in ji ta. "Amma ka tafi da kula."

"Kula? Faɗa zan je yi, ba biki ba!"

"Hajiya, ka ji maganata. Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana."

Ban taɓa dafa abinci cikin fushi irin na ranar ba. Muciya ta sha wahala. Amma gwaten ya yi kyau, shi ba ruwansa da rigimarmu.

Daga gidana zuwa Gada Biyu tafiyar ba ta kai a dafa shinkafa ba, amma ban taɓa zuwa gidanta ba sai ranar. Dattijon mai keke ya yi ta tambaya har muka samu. Ƙaramin gida ne tsaf-tsaf, da 'yan kunyoyin kabeji a gefe. Ta buɗe ƙofa sanye da rigar sanyi da tabarau a kan hanci. Ta tsufa, ni ma na san abin da ta gani ke nan a fuskata. Muka gaisa gaisuwar da ta kamata, ya gida, ya yara, ya sanyi, kowa fuska a ɗaure. Na ajiye kular a bayan kujera inda ba za ta gani ba, na gyara zama.

"Hedigel, zuwa na yi ki nuna mini. Tun ranar da kika tsawata mini, na sake sa hoto?"

"Ba ki sa ba."

"Na faɗi farashi?"

"Ba ki faɗa ba."

"To laifin me na yi? Ni na ce su yi santi? In mace ta ci abu ya yi mata daɗi, ni zan toshe mata baki?"

"Hajiya, kin ga abin da aka fara rubutawa jiya," ta ce. "Na taɓa binne guruf ɗaya, ba zan binne na biyu ba. Dole in cire itacen da ke cin wuta."

"Sai ni ce itacen? Mai leshi fa? Wadda ta ce 'ku dama' fa?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa.

"Gida nawa kika aika wa gwaten nan?"

"Kowa na aika wa."

"Kowa?"

Na sunkuyar da kai.

"Duk ƙarshen mako ina nan zaune," ta ce, muryarta ta sauka. "In na ji keke ya tsaya a waje sai in leƙa ta taga. Ina karanta santin kowa. Har wadda ta zo ajinmu a shekarar ƙarshe, wadda ba ki ma san sunan babanta ba, an kai mata. Ni da na ci masar Inna tun ban iya tsarki ba. Kin manta ranar da Inna da mamata suka yi faɗa a kan igiyar shanya, har sai da maza suka fito? Da yamma kwano ya shigo gidanmu. Mamata ta ce ba za ta ci ba, mu muka cinye. Inna ba ta taɓa tsallake ƙofarmu ba, ko ana faɗa ko ana daɗi. Sai na ce to, shi ke nan, ashe mun tashi daga layin da gaske."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa, kuma abin da kowace 'yar layinmu ta sani ne. In ana rabon ɗanɗano ko naman layya ba a tsallake gida. Ko kaji za su zuba wa, a kai musu. Wanda aka tsallake an gaya masa magana ke nan, kuma maganar ta fi zagi ciwo. Ni ina can ina lissafin dokar waya, na manta da wadda aka haife mu a cikinta. Amma da yake bakina ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai na ce, "Tsoro na ji kada ki ce cin hanci na ba ki."

"Da na ce mana!" ta ɗaga murya. "Da na ce cin hanci ne, in cinye abina tas, gobe in kin sa hoto in goge. Amma da kin aiko."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye a idona. Ita ma ta fashe. Na miƙa hannu bayan kujera na jawo kular na dire a gabanta. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce, "Munafuka, tun ɗazu nake jin ƙanshin yakuwa ina cewa ko hancina ne." Ta ɗauko cokula biyu. Muna ci ina jira in ji me za ta ce, ita kuma ta lura, ta ɗaure fuska ta ce ba za ta yi santi a gabana ba ko za ta mutu. Sai da ta kankare gindin kular tana neman yashi, ba ta samu ba.

Kafin in tashi ta ɗauki waya ta mayar da ni. Ta ce cire ni da ta yi rabi doka ce rabi haushi, kuma ba za ta faɗi wanne rabin ya fi girma ba. Mun daɗe muna shawara, daga ƙarshe ta buɗe guruf ta sanar cewa daga yanzu Asabar ranar kasuwa ce, kamar yadda kowane ƙauye ke da ranar kasuwarsa. Mai leshi ta baje leshinta, mai acca ta kawo farantinta, hoto ɗaya kowace mace, in rana ta faɗi a kwashe. Sauran kwanaki zumunci ne zalla. Wadda ta ce "ku dama" ta ba da haƙuri a gaban kowa, mai leshi kuma ta zama ta farko da ta kasa kaya. Kulata ba ta dawo fanko ba, kabeji biyu ta cusa mini a ciki. Da ta rako ni bakin keke sai ta ce, "Asabar mai zuwa kada ki aiko. Ni zan zo in ɗauka."

Na ɗauka faɗa kawai ta yi. Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida sai na ji sallama da muryar da na sani. Na fito da gudu ko mayafi ban gyara ba. Tana tsaye a tsakiyar layi riƙe da jaka, ba gidana take kallo ba, gidansu na da take kallo. Yanzu shagon tela ne a gaban, an fasa tagar ɗakin mamarta an yi ƙofa. Tana nan tsaye sai ga tsohuwar da ke sayar da ƙuli a kusurwa, wadda ido ya fara gaza mata, ta matso ta leƙa fuskarta, ta kama haɓa.

"Wa nake gani? Ba 'yar gidan malamin asibiti ba ce? Ke 'yar nan, ina kika shiga haka? Ina mamar taki?"

Matar da duk makaranta ke tsoro ta tsaya a tsakiyar layinmu tana kuka, tsohuwa na riƙe da hannunta tana cewa yi shiru, yi shiru, ai kin zo. Kafin a jima mata sun fito daga gidaje, wannan ta ja ta nan, waccan ta ja ta can, kowa na son ta shiga ta sha ruwa. Gwaten da ta zo ɗauka sai da la'asar ta tuna da shi.

Da ta koma gida ta sa hotonmu a guruf, ni da ita da tsohuwar a ƙofar shagon tela. A ƙasa ta rubuta, "Yau na je gida." Sannan matar fasto, wadda su ma a bayan layinmu suka tashi, ta rubuto: "Hajiya, famfon nan na bakin masallaci da muke layin ɗiban ruwa, har yanzu yana nan?"

Na ce mata yana nan. Ba ya kawo ruwa, amma yana nan, ku zo ku gani.